Wa Zai Nome Gonar Dogo?

Shekarar da gwamnati ta fara biyan manoma tallafi, ƙa'idar ɗaya ce: gwargwadon faɗin gonarka, gwargwadon rabonka. Malamin gona zai zagaye iyakarka da na'urar awo, abin da ta nuna a kansa za a riƙa biyanka duk damina. Gonar Dogo kuwa, in ka yi tari a wannan gefe, na wancan gefen sai ya ce maka sannu. Tana ciyar da shi da matarsa da samarin 'ya'yansa biyu. Amma tun da maƙwabcinsa ya karɓi nasa kason ya sa sabon kwano, abincin gidan Dogo ya daina yi masa daɗi. Hassada ce ta kai shi wurin boka.

Bokan yana zaune a wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi bayan kasuwa. Da rana tsaka ciki duhu ne, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar an haƙa kabari. Fartanyu marasa ƙota rataye a bango, kowace da jan ƙyalle. A tsakar ɗakin akwai tukunya cike da baƙar ƙasa, tana hawa tana sauka kamar cikin mai barci.

"So nake gonata ta yi girma a idon mai awo," in ji Dogo.

"Ba ma aikin ƙarya a nan," in ji boka. "Gona za ka samu ta gaske, sai dai ido biyu ba ya ganinta. Kana da masu noma?"

"Ina da iyali."

"Ka ba da su aiki?"

Dogo har da dariya. Wane manomi ne iyalinsa ba sa taya shi? Ya ce, "Na bayar."

Boka ya sa ya kawo fartanyar kowa a gidan, ya kankare gumin da ya bushe a ƙotocin cikin tukunya, ya cuɗa, ya ba shi ya binne a kusurwoyin gona.

Malamin gona ya fara awo da hantsi, bai gama ba sai la'asar, jiƙe da gumi. "Baba Dogo, ashe haka kake da ƙasa ka yi shiru?" Tallafi ya shigo, Dogo ya rushe gida ya yi na siminti, ya sayi mota.

Sai babban ɗansa ya fara wayar gari tafin hannunsa a fashe, ƙafafunsa duk baƙar laka. "Baba, da na rufe ido sai in gan mu muna noma, ni da Inna da ƙanena. Kunyoyin ba su da ƙarshe." Dogo ya gane sarai, amma ya saya masa maganin ƙarin jini. Kafin girbi yaron ya koma ƙashi da fata, aka binne shi. Ƙanen bai kai wata damina ba. Uwarsu ta zauce, tana wuni a durƙushe tana noman simintin ɗaki da farce har jini.

Dogo ya koma wurin boka yana kuka. "A rage gonar. Na yafe kuɗin."

"An riga an auna. Gona ba ta raguwa don manoma sun ragu. Wanda ya saura shi ke ɗaukar aikin wanda ya tafi."

"To, a sa ni a madadin matata."

"Kada ka yi gaggawa. Kai ma ai iyali ne."

Kai mai hangen rabon wani, ka ji tsoron Allah. Duk dukiyar da ta zo ba ka yi mata gumi ba, akwai wanda ake tatsar nasa, kuma sau da yawa a cikin gidanka yake.

An binne matar ranar da tallafin bana ya shigo. Yanzu Dogo yana zaune a ƙofar gida, idanu jajur, yana mintsinin cinyarsa. Aikin mutum uku yana jiransa, shi kaɗai. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kama masa riga: "Ɗan'uwa, don Allah zauna ka yi mini hira, kada in yi barci."