Lambar Kunnen Bijimi

Ruwa Zakiyya ta kawo wa baƙon a ƙofar gidansu, a wani ƙauye gabas da Tsanyawa. Yana tsaye gaban bijimai biyu na huɗa, dukiyar Babanta Malam Mati kaf, yana maƙala musu wani ɗan faranti a kunne. Kamaruddeen sunansa. Wani kamfani ne ya ɗauke shi ya rubuta manhajar rage satar shanu: a kara waya a kunnen dabba, sunan mai ita ya fito.

Zakiyya ta leƙa farantin. Lamba ce mai gurbi sha shida, alƙaluma haɗe da haruffa daga A zuwa F. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta san irinta.

"Heksadesimal ce. Yaya kake ajiye ta?"

Ya ɗago. "Yau a ƙauyen nan ake yi mini wannan tambayar?"

"In ka mai da ita adadi na yau da kullum, ta fi ƙarfin ma'ajin. Zai datse ƙarshenta, ya yi kintace."

"Na kula da wannan, Injiniya."

Ta yarda da shi. Sunan kuma ya bi ta.

Saƙonninsa gajeru ne. "Injiniya, yau shanu kaɗai na gani. Gobe ina so in ga mutum." Ita kuma ta rubuta: "Ka zo bayan la'asar. Ka wanke hannu, kana warin turke."

Da maganar aure ta taso, Malam Mati ya ɓata rai. "Mutumin da gonarsa ke cikin aljihu? Da me zai ci da ke, da caji?" Zakiyya ba ta yi gardama ba. Ta ce mutum ne mai faɗin gaskiya, ta tsaya a kan haka har Baban ya sassauta.

Damina na gab da faɗuwa ɓarayi suka kwance jan bijimin Malam Mati. Bayan kwanaki 'yan sintiri suka tsince shi a daji, suka kai shi kasuwa gaban sarkin tike, shugaban kasuwar shanu. Malam Mati ya je da murna. Aka kira Kamaruddeen ya kara waya. Sunan da ya fito na Alhaji Bunu ne, falke mai garken da shi kansa bai san iyakarsa ba.

"Wannan sa a hannuna ya tashi," in ji Malam Mati.

"Me ka gani, malamin waya?" in ji sarkin tike.

Kamaruddeen bai kalli tsohon ba. "Abin da na'ura ta nuna ke nan."

Wani ya ce ashe tsofaffi ma sun fara satar shanu. Aka yi dariya. Malam Mati ya dawo gida da igiya a hannu, ya daina zama a dakalin masallaci. Sa ɗaya ba ya jan garma.

Da Kamaruddeen ya zo zance, Zakiyya ba ta shimfiɗa tabarma ba.

"Ba ni wayarka."

Ta wuce turke, ta kara ta a kunnen farin bijimin da ya rage. Alhaji Bunu. Ta juyo da fuskar wayar gare shi.

"Wannan ma nasa ne? A nan aka haife shi."

Sai ya faɗa mata gaskiya. Sabon kwalin faranti da aka kawo, lambobinsa a jere suke, ƙarshensu kaɗai ya bambanta. Manhajar ta datse ƙarshen, duk suka koma lamba ɗaya, sunan wanda ya yi rajista daga baya ya hau kan na kowa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin salla."

"Layi ɗaya ne gyaran, Kamaruddeen. Ka bar ta a rubutu, kar ka mai da ita adadi."

"Na gyara na gaba. Na baya sai an sake bin gida gida. In na faɗa, kamfani zai kore ni, ga aurenmu ya matso. Don ke na yi shiru, masoyiyata."

"Kar ka sa ni a ciki. Kuskure kowa na yi. Amma kana tsaye aka yi wa Babana dariya."

Ta miƙa masa wayar, ta shige gida. Saƙonsa ya biyo ta: "Ki ce wani abu, ko zagi ne." Ta ba shi amsa: "Ran kasuwa za a loda shanun Alhaji zuwa kudu, har da jan bijimin Baba. Ba ni za ka yi wa magana ba."

Ran kasuwar ya je. A gaban sarkin tike, mota na jira, ya kara waya a kunnen shanun mutane daban daban, suna ɗaya na fitowa. Ya ce laifinsa ne, ya sani, ya ɓoye. Alhaji Bunu ya yi salati, ya sa aka sauke jan bijimin, ya aika a ba Malam Mati haƙuri. Kamfani ya sallami Kamaruddeen a satin.

Malam Mati ya karɓi sansa, bai karɓi gaisuwar saurayin ba. Kamaruddeen ya ci gaba da zuwa gona ba a gayyace shi ba. Ya riƙe garma, kunyoyinsa suka fito a karkace, hannunsa ya yi kanta. Sai da gero ya fitar da kai tsohon ya tanka masa.

"Noma dai ba ka iya ba. Amma ka iya cin kunya a gaban jama'a, ba kowa ke iyawa ba. Turo manyanka, in ita ta yarda."

Ta daɗe kafin ta ce to.

Da kaka aka ɗaura auren a ƙofar gida. Malam Mati da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya, ya tsare bakinsu daga ɓoye gaskiya, ya sa albarka a zuriyarsu. Jama'a suka shafa.

A cikin ɗaki, ƙawaye na guɗa, wayarta ta yi ƙara.

"An ɗaura, amaryata. Kin yafe mini?"

Ta rubuta da yatsun da lalle ya rina: "Na yafe, angona. Mantawa kuma sai a hankali."

"Zan jira."

"Ka jira a kusa."