Famfon Gidan Injiniya

Gab da magariba ne, matar gidan tana kwashe shanya, dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Ta tsaya da zane a hannu. Na biyu ya biyo baya, ya gangaro a hankali har bakin indararo, ya tsaya. Babu kowa a kan katanga. Ko ganye ba ya motsi.

Maigidan tela ne, amma unguwa Injiniya take kiransa don ba'a, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Wata biyu kafin nan fis ɗin gidan ya riƙa ƙonewa duk sanda aka kunna hitar banɗaki. Bai nemi dalili ba, ya naɗa masa wayar tagulla mai kauri. Wayar kariya da ke bin bango ta shiga ƙasa kuma ya datse ta da almakashinsa, wai shanye masa wuta take yi a banza. Tun daga nan famfon banɗaki ya fara jan hannun duk wanda ya taɓa shi, musamman babbar 'yarsa da kowa ke kira Yaya, don ita ke yi wa ƙannenta wanka.

Jifan ya yi kwana tara. Sai wata murya ta fara kiran yaran daga ɗakin ajiya. A yamma ta goma Yaya ta faɗi a ƙofar kicin, idanunta suka kafe, ta yi dariya da muryar tsoho.

Aka ɗauko malamin ruƙiyya. Ya zauna a kanta yana karatu, ba gaggawa, har hasken tagar ya dushe.

"Wane ne kai?" in ji malam.

"Baƙo."

"Kai ke jifa?"

"Ni ne. Muryar ma tawa ce."

Injiniya ya leƙo daga ƙofa. "Tambaye shi famfo, Malam! Shi ke jan mana yara!"

Kan Yaya ya juya a hankali. "Tela, kada ka ɗora mini kayan da ba nawa ba. Ni ko kusa da banɗakinka ba na zuwa. Ina son raina."

"Fita daga jikinta," in ji malam.

"Zan fita, da sharaɗi ɗaya. Kada a warware ɗinkin da tela ya yi a akwatin fis. Ɗinkin ya yi kyau."

"Ba na ciniki da kai."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya sanƙare, gumi ya karyo mata.

"To, na tafi kyauta," in ji muryar. "Ai an riga an gama mini aikin."

Yaya ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta kira mahaifiyarta.

A bakin ƙofa malam ya riƙe hannun maigidan. "Nawa na yi. Abin da ke famfon nan ba a karanta masa aya. Gobe ka kira mai gyaran wuta."

"Haba, Malam, yaushe aka fara yarda da maganar aljani?"

Da safe Yaya ta tsaya a ƙofar banɗaki, ta ƙi shiga.

"Baban yara, bari in ɗebo mata a bokiti," in ji mahaifiyar.

"Bokitin me? A gabanki aka fitar da aljanin. Ke kuma Yaya, sa silifa, wuta ba ta bin roba. Ga shi na kashe makunnin hitar."

Makunnin ma shi ya haɗa, a kan wayar da ba ita ba. Silifan kuwa ya cinye, ƙasa ga ruwa.

"Baba, tsoro nake ji."

"Tsoron ne ke jawo su. Shiga, na ce."

Ta shiga. Ba a ji ihu ba, sai ƙarar ruwa da ya daɗe yana zuba. Mahaifiyar ta tarar da ita hannu a danƙe da famfo. Kafin ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, an gama.

A wurin zaman makoki aka yi ta cewa aljanin ne ya dawo. Injiniya yana gyaɗa kai, yana karɓar gaisuwa. Ba wanda ya tambaye shi ko kalma ɗaya, wai kada a ƙara masa zafi.

To, a ƙara masa. A kira shi gaban hukuma, a buɗe akwatin fis ɗin nan a gaban shaidu, a rubuta abin da ya kashe yarinyar da sunansa. Kuma a yi shi yau, domin har yanzu ba a gyara famfon ba, ga yara uku a gidan, yanzu su ke yi wa kansu wanka.