Kwalba Ɗaya a Bikin Kaka

Ranar da aka buɗe bikin kaka Auta ta fara ganinsa. Ya zo rumfarsu ya sayi lemo ɗaya, ya ja kujera ya zauna har la'asar, idonsa na kan jama'a. Da ta zo ɗaukar kwalbar ya dube ta, sai ga mabuɗin kwalba ya suɓuce mata.

Washegari ma haka. Baba, mahaifinta mai rumfar, ya raɗa masa suna Kwalba Ɗaya.

"Malam, kujerar nan ba ta haya ba ce," in ji Auta.

"To a sayar min da ita, har da mai share ta."

Ta harare shi, amma kafin ya tashi ta ba shi lambarta.

Baba kuwa ko kallonsa ba ya son yi. "Ƙato ya wuni yana kallon aljihun mutane? Ɓarawo ne! Ga mai lasifika can, yaro mai sana'a, kullum sai ya durƙusa ya gaishe ni."

Mai lasifika shi ke sanarwa a filin, kuma ya daɗe yana son Auta. Ita ko a jikinta.

Ran kwana na huɗu 'yan sanda suka zo suka cukumi Kwalba Ɗaya a gaban rumfar, suka jefa shi mota. Baba ya tafa hannu. "Me na gaya miki?" Nan take ya ce mai lasifika ya turo manyansa bayan biki, in Auta ta amince.

Auta ta shige bayan firji ta sha kukanta, don ta riga ta kamu da son Kwalba Ɗaya. Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sanyin idona, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ki ba ni kwana uku. Kar ki amsa wa kowa."

Ta rubuta: "Ban san ko kai wane ne ba. Amma uku kawai."

Ranar rufe biki fili ya cika maƙil. Sai ga shi ya dawo kujerarsa, kamar ba shi aka ja a ƙasa ba. Baba ya zaro tsintsiya zai kore shi ke nan, lasifika ta ɗauka:

"Jama'a, akwai ɓarayi! Kowa ya taɓa aljihunsa ya ji wayarsa!"

Kowa ya dafa inda wayarsa take, har da Baba. Ko minti ba a yi ba wani ya goge shi ya wuce, caraf Kwalba Ɗaya ya damƙe hannun mutumin da wayar Baba a ciki, ya zaro ankwa daga ƙugunsa. Wasu mutum biyu kuma suka sauko da mai lasifika daga kan dakalinsa.

"Baba, sanarwar nan ita ce tarkon," ya ce. "Ku kuke nuna wa ɓarayin aljihun da kanku, mai lasifika kuma a raba da shi. Ni ɗan sanda ne, cikin farin kaya nake aiki. Da suka fara zargina, abokan aikina suka kama ni a gabansu don su saki jiki."

Baba ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya shiga share ƙasar da ba ta da datti.

"Ai da sai ka faɗa min," Auta ta ce, idonta cike da ƙwalla.

"Da na faɗa, da fuskarki ta tona ni, sanyin idona. Kin iya ɓoye murmushi?"

Ba ta iya ba kuwa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Baba da kansa ya ɗauko kiret guda na lemo ya dire gaban angon.

"Ɗana, yau dai ka sha biyu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Auta ta sunkuyar da kai tana dariya, ta miƙa wa mijinta mabuɗin kwalba.