Tsakuwar Samira a Tudun Jaye

Ranar wata Alhamis da la'asar sakaliya, Goggo Cima ta ce wa Hamdiya ta taso ta raka ta kan Tudun Jaye, za ta haƙo saiwar magani saboda Samira. Hamdiya ba ta ko yi gardama ba, ta zura takalmin roba ta yafa gyale. Ai ita in dai hawan tudun nan ne, ko daga barci aka tashe ta za ta je. Tun tana 'yar mitsitsiya take son sa, har mutanen ƙauyensu, can yamma da Cadakori, suna tsokanar ta wai akuya ce ta yi ɓatan kai aka haife ta mutum.

Goggo Cima ƙanwar babanta ce. Ita ta ɗauke ta tana shekara uku bayan rasuwar mahaifiyarta, ta haɗa ta da 'yar cikinta Samira, ƙwarya ɗaya tabarma ɗaya. Ba wanda ya taɓa jin ta bambanta su ko da wasa. Yanzu Hamdiya tana koyarwa a wata lakol, wato makarantar boko, a Agiye, kuma ciwon Samira ne ya dawo da ita gida. Wata uku ke nan yarinyar ba ci ba magana, an kai ta likita an dawo ba a ga komai ba. Da rana ta sunkuya sai ta juya fuska wajen tudun, tana yakushin tabarma har farcenta ya yi jini.

Tudun Jaye yana da ƙa'ida ɗaya, ko yaron goye ya san ta. Wanda zai hau yakan tsinci tsakuwa daga ƙasa, in ya kai ƙololuwa ya yi sallama ya ajiye ta a kan tarin da ke gindin tsohuwar aduwa. In zai sauko ya ɗauki abarsa, don masu wurin su san baƙo ya tafi. Tsakuwar da ta kwana a can kuwa, mai ita ya zama nasu. Kuma ba a taɓa tsakuwar wani, don duk abin da ke kanta kai zai bi.

Hamdiya ta ji raɗe-raɗi a bakin rijiya, wai cikin damina Samira ta hau tudun neman rezo, wato sabis na waya, don ta kira mijinta da ke ci-rani, hadari ya taso ta gangaro a guje ta manta tsakuwarta a can. Da ta tambayi Goggo, tsohuwar ta yi tsaki.

"Zancen banza na, ɗiyata. Mata ba su da aiki."

To, wa zai ƙaryata uwar da ta raine shi? Hamdiya ta bar maganar nan.

Suka tsinci tsakuwoyinsu suka kama hawa. Hanyar 'yar siririya ce, ta awaki, tana lanƙwasa tsakanin sabara da jajayen duwatsun marmara. Goggo tana gaba da sanda, tana nishi, tana dafe ƙugu kamar kullum, don shekara da shekaru bayanta ba ya barin ta sakewa. Hamdiya tana baya tana tsayawa kallo. Kaka ce, duniya ta yi kyau. Gonakin gero sun shimfiɗu har inda ido ya gaji, an jera dammuna a bakin rumbuna, itatuwan gawo tsaye jefi-jefi. Can nesa kwarin gulbi ya yi kore shar, garken shanu yana tafe gida a hankali. Iska tana kawo ƙamshin ɗanyen kara da hayaƙin murhu, da sautin daka daga gidaje, tim, tim.

"Goggo, dubi gidanmu, kamar a sa cikin aljihu!" in ji Hamdiya tana dariya.

Goggo ba ta waiwayo ba. "Ke dai taho mu tahi, rana na hwaɗuwa."

Suka kai ƙololuwa, suka yi sallama, kowa ya ajiye tsakuwarsa. Ta Hamdiya fara ce mai faɗi, ta Goggo baƙa mai tsini. Goggo ta zaga bayan aduwar tana ɗan tone-tone, Hamdiya kuwa ta haye wani falalen dutse tana kallon rana ta yi ja kamar garwashi. Ta manta da komai. Sai da sanyi ya taɓa wuyanta ta farga cewa kurciyoyin da ke kuka ɗazu sun yi shiru.

"Mu sauka," in ji Goggo, murya ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar ta tsaya gaban tarin. Ta jingine sanda, ta dafe ƙugu, ta fara duƙawa a hankali tana cije leɓe. Ta miƙa hannu wajen wata tsakuwa a gefe, hannun bai kai ba. Ta yi wani nishi mai ban tausayi.

Nan fa tarbiyya ta yi aikinta. Goggon nan ce da kanta ta koya wa Hamdiya, da faɗa da ranƙwashi, cewa kada ta kuskura ta tsaya kallo babba yana duƙawa. Shekara ashirin da biyar abin yana cikin jininta. Hannunta ya riga hankalinta.

"Bari, Goggo, ni zan ɗauko miki."

Ta ɗauka.

Tsakuwar da ɗumi, irin ɗumin jikin mai zazzaɓi. Ba baƙa ba ce. Ja ce, mai santsi, kuma tana motsi a tafin hannu kamar ƙirjin ɗan tsako.

Hamdiya ta ɗago kai. Goggo tana tsaye sak, bayanta a miƙe. A haɓar zanenta akwai ƙulli, tsinin baƙar tsakuwa yana leƙowa. Ashe tun ɗazu ta ɗauke tata.

Ba Hamdiya take kallo ba. Gindin aduwar take kallo, tana raɗa.

"Kun dai gani. Ban sa ta ba, ban roƙe ta ba. Da hannunta ta ɗauki ta Samira. Jini ɗaya na. Ku sakam min ɗiyata."

"Goggo?"

Tsohuwar ta juya. Ko sandarta ba ta ɗauka ba.

"Goggo, ni ce fa. Hamdiya ce."

Kafaɗun Goggo suka girgiza sau ɗaya, kamar mai haɗiye kuka, amma ba ta tsaya ba. Ta bi hanyar awakin nan da sauri irin na budurwa, sabara ta rufe bayanta. Wallahi abin da ya fara kama Hamdiya ba tsoro ba ne. Baƙin ciki ne. Ashe nishin nan duk shiri ne. Ashe matar nan ta zauna ta yi tunani, ta auna ladabin da ta dasa mata, ta ga da shi za ta kama ta.

Ta yarfe hannu don ta jefar da tsakuwar. Yatsunta suka ƙi buɗewa.

Ta sa hannun hagu tana ɓamɓara. Kamar an ɗinke su.

Ta durƙusa tana neman farar tsakuwarta a kan tarin. Duk tsakuwoyin sun zama ja.

Sai ta lura dakan ƙauye ya tsaya. Shiru ya sauka, ko ganye ba ya motsi. Sannan dakan ya dawo.

Tim. Tim.

Amma daga ƙarƙashin ƙafafunta yake fitowa.

Wani wari ya taso, na nonon da ya kwana uku haɗe da ƙonannen gashi. Hanyar da suka biyo ta ɓace, ƙaya ce kawai ta kewaye ko'ina. Inuwar aduwar ta miƙe, ta yi tsawo, ta nufo ta, alhali rana ta riga ta faɗi.

"Sannu da zuwa, baƙuwa."

Muryar tsohuwa ce, a hankali, dab da kunnenta.

Hamdiya ba ta so dubawa ba, wuyanta ne ya juya da kansa. Wata mata ce zaune a kan tarin, doguwa, gwiwoyinta sun wuce kafaɗunta. Ta lulluɓe da baƙin saƙi. Tana riƙe da ƙwarya da hannu bibbiyu, kuma hannu na uku yana dama abin da ke ciki da ludayi.

"Waccan ta tahi, ke kin zo. Zauna ki sha hura."

"Ba tawa ba ce," in ji Hamdiya. "Yaudarata aka yi."

"Mu hannu muka gani. Tsakuwa tamu ta, da hannun da ka riƙe da ita. Sai in wani ya amshe ta hannunki don kansa, kamar yadda kinka ɗauka."

Ƙwaryar ta matso. Matar ba ta tashi ba, hannuwan ne suke tsawo.

Ludayin ya taɓa leɓen Hamdiya. Sanyi kamar gawa.

Can ƙasa, nesa, siririyar murya ta ɗaga. Ladanin ƙauye ne yake kiran magariba.

Ludayin ya dakata.

Hamdiya ta runtse ido, ta yi a'uziyya da iyakar ƙarfinta, ta faɗa cikin ƙayar ta ɓangaren da kiran yake fitowa. Ba hanya, gangare ne kawai. Ƙaya ta yage gyalenta, ta tsage mata fuska. Ta faɗi, ta mirgina, ta tashi. Hannunta na dama yana ja baya kamar an ɗaura masa igiya, sai da ta rungume shi a ƙirji da na hagu.

Tim. Tim. Tim. Dakan yana bin diddigenta.

Takalmi ɗaya ya fita. Ba ta tsaya ba.

Wani abu ya shafi ƙeyarta, ya tsinke mata kitso guda.

Ladan yana kan kalmar ƙarshe ta faɗo cikin gonar wake a gindin tudun, fuska a ƙasa. Dakan ya tsaya cak. Sai kukan gyare, da numfashinta.

Da jan ƙafa ta isa gida. Tun daga zaure ta ji abin da ba a ji ba wata uku: dariyar Samira. Tana zaune a tsakar gida da akushin tuwo a gabanta, duk ta rame, amma idonta garau. Goggo tana tsugune kusa da ita da ludayin miya.

Samira ta hango ta, ta miƙe tana tangaɗi. "Yaya! Subhanallahi, mi ya same ki? Duk jini!" Ta dubi dunƙulallen hannun da Hamdiya ta rungume. Ba ta san komai ba, baiwar Allah. Ta miƙo tafinta. "Mi kika riƙe haka? Kawo in riƙa maki."

A take yatsun Hamdiya suka saki. Ta ji su suna buɗewa da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Juya hannu kawai za ta yi, shi ke nan ta huta.

Ta dubi Goggo. Ludayin ya suɓuce daga hannun tsohuwar. Idanunta ne suke roƙo. Hamdiya ta daɗe tana kallonta, don ta tabbatar matar nan ta ɗanɗani abin da ta ɗanɗana a kan tudu. Sannan ta dubi siririn hannun ƙanwarta, wadda suka yi wayo a tabarma ɗaya.

Ta damƙe yatsunta, ta mai da hannun bayanta.

"Bari, Samira. Koma ki ci tuwonki."

Washegari da sassafe ta hau motar Agiye, ba ta yi wa kowa sallama ba. Hannun bai sake buɗewa ba, ya ƙanƙance kamar busasshen reshe, da hagu take rubutu a allo yanzu. Samira ta warke sarai, har ta haihu. Takan kira ta a waya tana mita, wai Yaya ta zama 'yar birni ta yar da su, ga Goggo kullum cikin kuka ba a san dalili ba. Hamdiya takan ce aiki ne ya yi yawa.

Kullum rana ta sunkuya, hannun yakan fara ja wajen yamma, kuma kowace shekara ƙarfinsa ƙaruwa yake. Shi ya sa kafin magariba take kulle ɗakinta, ta ɗaure wuyan hannun a ƙarfen gado. Da haƙori da hannu ɗaya take ƙulla igiyar, don har yau ba ta yarda kowa ya taya ta ba.