Jan Kwaɗon Ejnar

Da ƙarfe goma na safe aka tsinci gawar Ejnar Moth a ramin wayoyi, gefen sabon titin jiragen sama na garin Hollerup. Fitilun titin yake haɗawa, wani ya kunna wutar da Ejnar ya kashe da hannunsa, ta kama shi.

Sufeto Birthe Kragh ta tsaya a ɗakin makunnai, ranta a jagule. Dokar masu wannan aiki ɗaya ce: ka kashe layinka, ka garƙame makunnin da kwaɗonka, ba mai taɓa shi sai kai. Makunnai biyu ne a jere. Na hagu yana garƙame da koren kwaɗo. Jan kwaɗon Ejnar kuwa yana ƙasa, an datse shi, da guntun mabuɗi karye a cikinsa.

Kowa ya nuna Torben, shugaban aiki, don jiya ya yi wa mamacin ihu kan jinkiri.

"Ihu kam abincina ne," in ji Torben. "Amma tun takwas ina ofis da injiniyoyi shida."

Ta bincika, haka ne. Sai ta kira mai koren kwaɗon, Aksel Bonde, aminin Ejnar na shekara talatin. Dattijon ya shigo ya zauna.

"Ina mabuɗinka?"

"Ya ɓata."

Ta ajiye biro biyu a tebur, ja da kore. "Ɗauki jan, ka sa hannu a takardar nan."

Aksel ya daɗe yana kallonsu. Ya ɗauki koren.

Birthe ta so a ce ba ta canka ba. "Mai niyyar kisa ba ya tsayawa gwada mabuɗi," ta ce. "Ka gama aikinka, ka zo kunna layinka. Ka ɗauka jan kwaɗon Ejnar naka ne ya cije, mabuɗi ya karye, ka datse, ka kunna. Tun yaushe ba ka bambance ja da kore?"

"Tun haihuwa," in ji Aksel. "Da an sani, da ban taɓa waya a filin jirgi ba. Ejnar kaɗai ya sani. Kullum tare muke shiga, ya raɗa min launi. Yau na ce sanyi ya yi yawa, kada in wahalar da shi ya fito daga ramin."

Ta miƙe ta karanta masa tuhuma. Bai musa ba, hannuwansa kawai ya miƙa mata ta sa ankwa.

"Ko shekara nawa ne, su yanke," ya ce. "Shi ya rufa min asiri, ni na rufe shi a rami."