Bayan Jirgi Ya Tashi

"To, sai yaushe?"

Likita ne ya yi tambayar, yana jingine da motarsa a ƙofar gidansu, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada masu wucewa su ji. Malama ta gyara mayafinta, ta kai dubanta ga agogon hannunta maimakon fuskarsa. Saura minti ashirin ƙarfe biyar ta cika.

"Na ce maka ka ƙara haƙuri..."

"Wata goma sha ɗaya ke nan ina ƙara shi, masoyiyata. Ai ko saniya ce da tuni ta haihu!"

Ta so ta ɓata rai, amma dariya ta ƙwace mata. Matsalar son likitan dabbobi ke nan, duk maganar da aka ɗauko sai ya kai ta garke.

"Ka bari shirin nan ya ƙare tukuna," in ji ta.

"Shirin talabijin?! Wanda ke zango na uku, marubucinsa ko alamar gajiya bai nuna ba?"

"Ba za ka gane ba..."

"Na gane sarai. Ba shirin ba ne, Abba ne." Ya sassauta murya. "Ban ce ki yar da mahaifinki ba. Izini kawai nake nema in turo manyana. Wancan makon ma mahaifiyata ta tambaye ni, wai ko dai yarinyar ba ta so ne? Na rasa abin da zan ce mata."

Malama ta sunkuyar da kai. Ta yi masa sallama, ta shige gida.

Shekara huɗu ke nan da Abba ya rasa ganinsa, bayan ya shafe shekara arba'in yana gyaran agogo. Ci da sha da magani ba su taɓa zama damuwa ba, domin Yaya, wan Malama, da matarsa suna zaune a gidan, suna hidimarsa ba gajiyawa. Abu guda ne ya gagari kowa sai ita. Kowace Asabar da ƙarfe biyar akwai shirin da Abba ba ya bari ya wuce shi, labarin wani tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa da 'yarsa tilo. Maganar 'yan wasa yana jinta da kunnensa. Amma inda aka yi shiru, inda fuska da hannu ke magana, Malama ce idonsa.

Sau ɗaya Yaya ya gwada, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. "Ya shiga. Ya zauna. Ya tashi. Ya fita." Kafin a je talla Abba ya ce ya gode, ya je ya huta.

"Uwata, kin makara!" Abba ya faɗa daga kujerarsa da jin takunta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da wani suna ba. "Likitan awakin ne ya tsare ki?"

"Kai, Abba..."

"Zauna, zauna. Yau ne za ta tafi."

Ta zauna a kan darduma kusa da ƙafarsa, ta kunna talabijin. A shirin, 'yar tsohon ta yi aure, yau kuma mijinta zai tafi da ita wani gari mai nisa.

"Ji muryar bawan Allahn nan," Abba ya ce yana kaɗa kai, da jin tsohon ya fara magana. "Bai taɓa ɗaga ta ba tun zangon farko, amma idan ya ce 'to', sai ki ji kamar an ajiye dutse. Wannan shi ne ɗan wasa! Ba irin masu ihun nan ba, da suke zaton kuka shi ne gwaninta."

"Ni kuwa 'yar ce ke burge ni. Ko kallo ta yi, ka san abin da ke ranta."

"Tana da kirki, amma saurin magana ya yi mata yawa. Kamar wata da na sani."

Aka zo tasha. Jirgi ya yi kuka, ya tashi. Magana ta ɗauke, sai sarewa ke tashi a hankali.

"Me yake yi?" Abba ya tambaya, ya karkato da kunne.

Malama ta zuba ido. A talabijin, tsohon ya koma ɗakinsa. Ya ɗauko kofi biyu kamar yadda ya saba, ya zuba shayi a duka biyun, sannan ya tsaya yana kallon na biyun. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya zauna, ya kife fuskarsa a tafin hannunsa.

Ta dubi Abba, ta dubi kujerar da yake kai, da ɗakin da zai zama shiru ranar da ba ta nan. Hawaye suka rufe mata ido, ta kawar da kai daga talabijin gaba ɗaya.

"Uwata? Me yake yi?"

"Yana... yana tsaye a bakin tasha, Abba. Yana ɗaga mata hannu."

"Fuskarsa fa?"

"Murmushi yake yi."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Sunayen 'yan wasa suka gama wucewa. Sannan Abba ya laluba sandarsa.

"Ashe marubucin nan bai taɓa haihuwa ba," ya ce a hankali. "Shekara uku ina yabonsa, ina cewa ba ya yi wa mai kallo ƙarya. Uban da zai raka 'yarsa tilo, ya tsaya yana washe baki kamar wanda ya raka baƙo? Kashe shi. Na gama da shirin nan."

Kwana uku bai ƙara ambaton shirin ba. Shi da kan tashe ta da muhawara tun wajen karin kumallo, a kan wanda ya yi daidai da wanda ya yi wauta, sai ya koma gaisuwa kawai. Malama ta rasa sukuni. A aji tana koya wa yara lissafi, hankalinta yana gida. A sujada ta nemi gafarar Ubangiji, amma ta kasa neman ta Abba. Ta yi ƙaryar ne don kada ya hango kansa a jikin tsohon nan, sai ga shi ta raba shi da abu ɗaya da yake ɗokin zuwansa kowane mako.

Ranar Laraba ake maimaita shirin da ƙarfe huɗu da rabi. Ta dawo daga makaranta, ta yi sallama a falo, sai ta tsaya cik. Likita ne zaune a ƙasa gefen Abba, ya naɗe ƙafa cikin ladabi, talabijin a kunne.

"Ni na sa yayanki ya kira shi," in ji Abba. "Shigo ki zauna. Yau ki huta, shi zai yi aikin."

"Abba, ai ka ce ka gama da..."

"Na ce. Tsoho ba ya canza shawara ne?" Ya juya wajen Likita. "Kai, ɗana. Marasa baki kake dubawa, ko ba haka ba? Akuya ba ta faɗa maka inda ke mata ciwo."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Da ido muke ganewa."

"Madalla. To, akwai wani tsoho a nan da zai yi shiru na minti biyu. Ina so ka duba min shi."

Malama ta zauna a bakin kujera, ta kafe Likita da ido. Da ya dubo ta, ta girgiza masa kai, ta ja leɓunanta da yatsa alamar murmushi, ta haɗa hannuwa tana roƙo. Ya fahimta. Ta ga lokacin da ya fahimta, ta kuma ga yadda fuskarsa ta nuna damuwa.

Jirgi ya tashi. Sarewa ta fara.

"Ina jinka," in ji Abba.

Likita ya daɗe yana kallonta, kallon mai ba da haƙuri. Sannan ya mai da idonsa ga talabijin.

"Ya bar tasha, Abba. Ya shiga ɗaki, yana jan ƙafar hagu kaɗan, irin tafiyar wanda ƙarfi ya ƙare masa. Ya ɗauko kofi biyu. Ya zuba shayi a duka... yanzu ya tuna. Ya tsaya. Butar tana hannunsa, ya manta bai ajiye ba."

"Ci gaba."

"Ya zauna. Ya rufe fuska. Kuka yake yi, Abba, irin wanda ba ya fitar da sauti."

Malama ta rufe bakinta da mayafi. Shi ke nan, asirinta ya tonu. Ta jira a kashe talabijin, amma sai ta ji Likita bai tsaya ba.

"Yanzu ya miƙe. Ya wanke fuskarsa a famfo, ya goge da hannun riga. Ya buɗe taga. Ga mai shara can yana wucewa a bakin layin dogo... ya yafito shi. Ya miƙa masa kofi na biyun ta taga. Suna sha tare, kowa a tsaye. Ba wanda ya ce uffan."

Ta ɗago kai da sauri. Wannan ba ta gan shi ba ranar Asabar, domin a lokacin ta riga ta kawar da fuska.

Abba ya bugi hannun kujera. "Allahu akbar! Kun ji aiki! Na san mutumin nan ba zai ci amanata ba. Bai hana uban kukansa ba, bai kuma bar shi a ciki ya mutu ba. Minti biyu, ba kalma ko ɗaya, amma ya faɗi abin da wasu za su yi zango guda suna surutu a kai. Allah ya yi wa hannun da ya rubuta albarka!"

"Ni abin da ya fi burge ni butar nan ce," in ji Likita. "Wanda bai taɓa shiga ruɗu ba, ba zai san hannu yana mantuwa ba."

"Ka ga! Ashe kana da kai, likitan awaki."

Malama ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa. "Abba, ka yafe mini... ƙarya na yi maka."

"Na sani tun ranar."

"Ka sani?!"

"Shekara arba'in ina kara agogo a kunne, ina gane mai gaskiya da mai ƙarya, sai muryar 'yata ce za ta ɓace min? Na ji ƙarar kofi biyu a kan tebur. Wa ke ajiye kofi a bakin tasha? Na kuma ji numfashinki." Ya laluba har ya sami kanta, ya dafa. "Ban yi fushi da marubuci ba, Uwata. So na yi in ji ko za ki dawo ki gyara. Da kika kasa, na gane abin ya fi ƙarfin shiri."

"Tsoro na ji, Abba. Na ga kamar kai ne a ɗakin nan, kai kaɗai..."

"Ni ne mana. Wa kike zato?" "Ranar da za a tafi da ke zan yi kuka, sosai ma. Rabona ne na uba, kowane uba yana da nasa. Ba naki ba ne da za ki ɗauka, ba kuma za ki zauna ki tsufa a gabana don ki hana ni shi ba. Wata goma sha ɗaya ina jin motar yaron nan tana tsayawa a ƙofa, tana tafiya a sanyaye. Kina zaton makanta ta haɗa da kunne?"

Likita ya sunkuyar da kai ƙasa. "Abba, gidan da na kama bai fi tafiyar minti goma ba. Duk Asabar, in Allah ya yarda..."

"Ku biyu," Abba ya katse shi. "Ita ta fi ka iya zaɓen kalma, kai ka fi ta tsayawa a kan abin da ka gani. Tana yi maka alama ɗazu, ko? Na ji awarwaronta yana ta kaɗawa."

"Ta yi, ranka ya daɗe."

"Kana neman aurenta, ta roƙe ka, amma ka ƙi yi wa makaho ƙarya. To, ba ni da sauran tambaya a kanka." Hannunsa har yanzu yana kan mayafinta. "Sai dai aiki ɗaya ya rage maka. Shekara huɗu rabona da fuskar nan. Duba min ita. Me take yi yanzu?"

Likita ya ɗago ya dube ta, a karon farko ba tare da ya saci kallon ba.

"Kuka take yi, Abba."

"Shi kaɗai?"

"A'a... da dariya a haɗe. Tana so ta ɓoye, amma kumatunta sun ƙi."

Abba ya lumshe idanun da ba sa gani, hawaye ya gangaro ta gefen gemunsa, bai share ba.

"Haka mahaifiyarta ta yi ranar da aka ba ni ita, Allah ya jiƙanta," ya ce. "Je ka gaya wa manyanka ina jiransu."