Ɗauko Shi da Ƙasarsa

A wani gari can, an yi wata tsohuwa mai ɗan itacen mangwaro guda. Mijinta ne ya dasa shi a daminar da ya rasu. Kullum sai ta ba shi ruwa kafin ita ta sha.

Da aka zo fitar da hanya, sai aka turo mai injin haƙa ya mayar da ƙananan itatuwa gefe.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, haƙa da nisa, ka ɗauko shi da ƙasarsa."

Ya ce, "Haba Iya, ni da na cire ɗari yau?"

Ta ce, "Ɗarin ba nawa ba ne. Ɗauko shi da ƙasarsa."

Ya yi dariya, ya kafa inji dab da gindin, ya fizgo. Saiwa ta katse. Ya dasa, ya wuce.

Ganye ya zube, tsohuwa ba ta fasa ba shi ruwa ba.

Wata rana mai inji ya tarar da ita tana shayar da busasshen itace. Ya sauko, ya ce, "Iya, zan kawo miki goma."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "A cikin goman naka, akwai wanda mijina ya dasa?"